Na sa wa PS2 cip ta koma baƙin allo: cip ɗin ne jabu ko daga haɗin ne?

"Assalamu alaikum oga, Allah ya ƙara basira. Ina da ɗan shagon gem, kuma ina taɓa gyaran waya kaɗan-kaɗan. Na sayo cip Modbo 5.0 na sa wa wata PS2 silim, SCPH-77004, na bi zanen haɗin wayoyi da na samu. Da na kunna sai koriyar wuta ta kawo amma TV baƙi ƙirin, ba hoto ba sauti. Na sake bin wayoyin da ayan ɗin narka dalma sai ta kawo hoto, amma duk faifan kofi da na sa sai jan allon nan ya fito. Abin da yafi ɗaure min kai, da na rufe ta na ɗaure sukurori sai ta koma baƙin allo. Wani yace min cip ɗin ne jabu in sayi wani. In saya ne, ko akwai abin da zan duba?"

Wa alaikumus salam ƙanena, amin tare da kai. Ga wanda bai sani ba, cip ɗin nan 'yar na'ura ce da ake liƙa wa PS2 da wayoyi dan ta karɓi faifan kofi. Kar ka sayi wani cip tukuna, riƙe kuɗinka.

In na fahimce ka abu uku ne suka faru a jere: baƙin allo da farko, sai hoto ya dawo bayan ka sake taɓa wayoyi amma kofi yaƙi tashi, sannan rufe murfi ya maida kai inda ka faro. Toh cip ɗin da ya mutu baya irin wannan wasan, in ya mutu ya mutu, ka buɗe ka rufe halinsa ɗaya ne. Abin da yake canza hali in an taɓa shi ko an matse shi, haɗi ne. Ko dalma bata kama ba, ko ta kama har da maƙwabci, ko ƙarfe ya danne waya. Kuma in ka cire wannan ka sa sabo da hannun nan da ayan ɗin nan, abin da zaka ƙara kawai shine zafi karo na biyu a kan foyin ɗin, wato wuraren da ake liƙa wayoyin, da tun farko basa son zafi.

Shi kuma zancen jabu, ai Modbo ɗin kansa kwaikwayon Matrix Infinity ne, shi yasa zakaga tambarin Matrix yana fitowa in gem zai tashi. Na asalin an daɗe da daina yinsa, kusan duk wanda yake kasuwa yanzu kwaikwayo ne kuma suna aiki. Abu ɗaya kawai zan ja kunnenka a kai, kar wani ya baka faifan ofdet na Matrix na asali yace ka sa masa. Wannan kam yana kashe na kwaikwayo, kuma daga nan sai dai cirewa.

Wayoyin nan ba aikinsu ɗaya ba

Yawancin masu sa cip suna kallon wayoyin nan kusan ashirin kamar abu ɗaya ne, in matsala ta zo sai su bi su kaf da ayan daga farko har ƙarshe da fatan Allah ya sa a dace. Haka kayi, kuma ka dace rabi. Amma in ka san me kowane rukuni yake yi, alamar da na'urar ta nuna ita da kanta zata faɗa maka inda zaka nufa.

Akwai rukunin BIOS, su ne M, N, O, P, Q, R, T, U, V da W. BIOS shine abin da PS2 take fara karantawa da zarar ka danna maɓallin kunnawa, shi kuma cip yana zaune a kan layukan ne yana jiran lokacin da zai cusa nasa bayanin a cikin abin da ake karantawa. Layukan nan tare suke aiki, kamar masu miƙa kwanon siminti ranar zuba dakin, mutum ɗaya ya tsaya duk layin ya tsaya. Shi yasa in guda ɗaya ya haɗu da na kusa dashi ko ya taɓa giraun, wato layin GND, na'urar bata ma kai ga nuna hoto ba. Koriyar wuta, fanka na juyawa, TV baƙi.

Sai rukunin faifai, A, B, G, H da I. Waɗannan suna ɓangaren da yake kula da karatun faifai da tantance shi, inda cip yake sa na'urar ta yarda cewa abin da aka sa mata faifan PS2 ne. In matsala a nan take, na'ura zata tashi lafiya lau ka ga hoto ka ji sauti, amma kofi ya ƙare a jan allon da yake cewa a saka faifan PlayStation ko PlayStation 2.

Ragowar kowanne da nasa. SX na gem ɗin PS1 ne, in shi kaɗai ya samu matsala gem ɗin PS2 zasu tashi na PS1 su ƙi. RS na riset ne, da shi cip yake sanin an sake tayar da na'ura, in bai kama ba sai kaga yau ta yi a kunnawar farko, ka danna riset ta ƙi. CX bugun agogo yake ɗauka, shi yafi kowa ƙin doguwar waya. Sai 3.3V da GND, wutar cip ɗin kenan, waɗanda kowa yake rainawa alhali su suka fi kawo matsalar nan ta "wani lokaci tayi wani lokaci taƙi".

Kaga kenan a labarinka ba matsala ɗaya bace. Akwai abu a rukunin BIOS da yake motsi in an matsa, akwai kuma wani daban a rukunin faifai ko a lens. Ɗaya bayan ɗaya za'a bi su, kuma baƙin allo ne farko dan sai da hoto zaka iya gwada komai.

Kafin ka jona ayan

Duba jikin fanel ɗin, wato babban allon lantarki na cikin na'urar, zakaga lamba da ta fara da GH. Da ita ake neman zane, ba da lambar SCPH ta bayan akwati ba. 'Yan jerin SCPH-77000 irin taka yawanci GH-051 ne ko GH-052, 75000 kuma akwai GH-037, GH-040, GH-041, su 79000 GH-061 da GH-062, 90000 kuma GH-071 da GH-072. Har bayan lambar akwai wasu ƙananan lambobi biyu, kuma wani lokacin foyin yana matsawa daga wannan zuwa wancan. Balle irin kayan da suke zuwa mana na hannu, an sha canza musu akwati, takardar baya tana faɗin wani abu fanel na faɗin wani. Sannan ka lura a zanen ko an rubuta PAL, USA ko JAP a gefen wani foyin, dan akwai waɗanda suke canzawa da yankin da aka yi wa na'urar. Lambar ƙarshe ita ke faɗa maka: 4 ta Turai ce wato PAL, 3 Ingila, 1 Amurka, 0 Japan. Taka 77004 ce, PAL zaka bi, in dai fanel ɗin nata ne.

Na biyu, da me ka jona TV? In ɗan adaftan nan ne na PS2 zuwa HDMI, cire shi ka sa wayar AV mai ruwan ɗorawa da fari da ja. Adaftan yana buƙatar saitin hoton na'urar ya kasance a kan Y Cb/Pb Cr/Pr, in yana kan RGB baƙin allo zai baka ka yi ta zargin cip. Ba na ce shine matsalarka ba tunda ka ga hoto a tsakani, amma gwaji da AV yake cire wannan shakkar.

Na uku adaftan wuta. Silim daga 70000 zuwa 79000 8.5V suke ci. Na bogi sun cika gari, zaka auna ba kaya ya nuna daidai, da motar cikinta ta fara juya faifai sai wutar ta faɗi. In kana da wata PS2 mai lafiya a shago ari nata kayi gwajin dashi.

Baƙin allo

Cire wuta gaba ɗaya daga jiki. Sa mitar awon wuta a kan ƙara, inda take yin tsuwa in ka haɗa bakunan. Fara da auna tsakanin 3.3V da GND a kan cip, in ta yi tsuwa bata daina ba akwai shot, wato layukan biyu sun haɗe, kar ka ƙara kunnawa sai ka gano shi.

Daga nan kowace waya gwaji biyu zaka mata, kuma mutane na farkon kawai suke yi. Na farko, daga gurbinta a kan cip zuwa inda ta sauka a fanel. Amma kar ka ɗora bakin mita a kan ƙullin dalmar da kayi, dan dole ta yi tsuwa tunda wayar kake taɓawa. Ɗora shi a saman ƙafar IC ɗin, wato baƙin abin nan mai ƙafafu na kan fanel, can kusa da baƙin jikinsa, ko a wani wurin da layin ya ɓulla. Kuma a hankali, in ka danna da ƙarfi kai da kanka zaka haɗa abin da bai haɗu ba mita ta yi maka ƙarya. Gwaji na biyu shine tsakanin wayar da ƙafar dama da ta hagu, da kuma giraun. Nan shiru ake so. Kayi haka a ɓangaren cip ɗin ma, dan gurabensa a jere suke kusa da juna, kuma sau da yawa ana ta neman gada, wato dalmar da ta haɗe ƙafa biyu, a fanel ashe tana kan cip.

In mitarka tana da wurin gwada dayod, ga dabarar da nake yawan yi. Jan baki a giraun, baƙin baki a kan kowane layi na rukunin BIOS ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta abin da ta nuna. Ba wata lamba nake so ka haddace ba, kamanni zaka duba. Layukan da aikinsu ɗaya zasu baka lambobi kusa da juna. Wanda ya nuna sifili ko kusa da shi ya taɓa giraun, wanda ya fita daban da 'yan uwansa sosai shi zaka sa wa ido. W yana iya ɗan bambanta da sauran, wannan kar ya dame ka.

Sai ido. Ɗauki wayarka ka kunna kyamara ka zuƙo hoton sosai da haske ta gefe, ko ka samu madubin masu gyaran agogo. Dalmar da ta kama tana kwanciya ne ta bi jikin ƙafa da waya sumul. Wadda ta dunƙule kamar ƙwallo ta zauna a sama, ko tayi fari-fari kamar toka, bata kama ba ko da mita ta yi tsuwa. Ka sa tsinken sakace ka ɗan ture kowace waya ta gefe, wadda zata motsa zata motsa.

Wasu foyin ɗin ba ƙafar IC bane, ƙananan ramuka ne a fanel da koren fenti ya rufe. Dalma bata kama fenti. Sai ka kankare a hankali da bakin reza har jan ƙarfe ya fito, ka sa fulaks, wato maganin da yake sa dalma ta kama, ka fara shafa masa dalma shi kaɗai, sannan ka kawo waya wadda ita ma ka riga ka shafa wa bakinta. A hankali nace, dan layin da ke gefen ramin siririn gaske ne, reza ta zame ka yanke shi ka buɗe sabon aiki.

In duk ka bi baka ga komai ba, toh raba gardama. Cire wayoyin rukunin BIOS gaba ɗaya daga ɓangaren fanel, ka goge wurin, ka kunna. In hoto ya dawo na'urarka lafiya take, sai ka maida su kana aunawa. In bai dawo ba, saura ma ka cire su, in har yanzu baƙi ne toh ɓarnar a fanel take. Kar ka ce zaka cire wayar 3.3V kaɗai ka bar sauran wai ka kashe cip. Cip ɗin da ba wuta a jikinsa amma yana maƙale da layukan yana iya janye su ƙasa ya baka baƙin allo, sai ka ɗauka fanel ne ya mutu.

Idan fanel ne, duba fis. Ƙanana ne an rubuta PS da lamba a gefensu, kowanne ya kamata mita ta yi tsuwa a kansa. Waya ta taɓa inda bai dace ba da wuta a jiki, fis ne yake fara tafiya. Ka canza shi da irinsa. Na san al'adar kasuwa ita ce a ɗora jamfa, wato 'yar waya a madadinsa, a wuce, amma ranar da shot ɗin ya sake faruwa ba fis ɗin da zai ƙone sai IC. Ka kuma duba ƙananan rasisto da kafasito na kusa da inda kayi aiki, bakin ayan yana ɗauke su mutum bai sani ba.

Me yasa take mutuwa in an rufe

Wannan shine mafi sauƙin ganowa a duk abin da ka lissafa. Fanel ɗin silim a tsakanin faranti biyu na ƙarfe yake, kuma farantin giraun ne. Wurin matsattse ne ƙwarai. In ka ɗaure sukurori abu huɗu ne suke iya faruwa: bayan cip ko samansa ya taɓa ƙarfe, ko gefen ƙarfe ya yanka rigar waya, ko waya ta bi ta kan ramin sukuru ya murƙushe ta, ko kuma fanel ya ɗan lanƙwasa dalmar da dama bata kama ba ta saki.

Buɗe ka bi kowace waya da ido, zakaga inda ta baje ko aka mata shaida. Duba cikin farantin ma ko akwai ƙarzuwa daidai inda cip yake. Ka rufe cip sama da ƙasa, in da hali da salatif ɗin nan ruwan zuma mai jure zafi da masu gyaran waya suke amfani dashi, dan baƙin salatif na wayarin yana narkewa yayi danƙo ya zame in na'ura ta ɗau zafi, balle a shagon gem da take wuni a kunne. Kar waya ta hau kan manyan IC inda faranti yake dannawa dan ya kwashe zafi, kar kuma wayoyi su hau kan juna su yi tudu.

Wurin rufewa kuma kar ka ɗaure duka sannan ka gwada. Ɗora faranti ba sukuru ka kunna. Ɗaure biyu ka kunna. Haka har ka gama. Sukurun da hoto ya ɗauke a kansa, matsalar tana kusa dashi. Kuma ka kula da sukurorin kansu, in akwai dogo da gajere kowanne ya koma raminsa.

Tunda muna kan wayoyi, wace iri ka sa? Na sigina siririya ake so, lamba 30 AWG mai silli ɗaya, kaurinta wajen 0.25mm. Mai silli da yawa irin ta cikin caja ko iyafis ita ke kawo gadar da ido baya gani, silli ɗaya ya fice ya taɓa ƙafar kusa shikenan. Abin da zaka feƙe a baki kar ya wuce milimita ɗaya. Tsayi kuma iya inda zata kai kawai, kar ka bar rara ka naɗe wai dan gaba. Su kuma 3.3V da GND akasin haka, masu ɗan kauri ake so kamar 22 ko 24 AWG, kuma GND ta zama mafi gajarta a duk wayoyin, a giraun mafi kusa da cip. In ka sa musu siririya doguwa, mita zata nuna maka wuta ta kai lafiya, amma lokacin da cip zai yi aikinsa cikin sauri sai ya kasa, kaga na'ura tana maƙalewa a tambari ko sai an kunna sau da yawa kafin ta tashi. Da na'ura a kunne ka auna a kan cip ɗin kansa, ka ga 3.3 ko sama da haka kaɗan. Hannu kar ya yi rawa a nan.

Jan allo: cip ne ko lens

Idan hoto ya zauna, kashe ta ka riƙe tirayangul da O a fad, wato hannun gem, na farko ka kunna. In menu ɗin cip ya fito, cip yana da rai, yana samun wuta, kuma rukunin BIOS yana aiki. Daga nan ka manta da zancen jabu.

Yanzu ka samo faifan PS2 na asali, PAL tunda na'urarka PAL ce, ko aro ne. Riƙe Start ka kunna, wannan yana kashe cip na wannan tashin. In na asali ya tashi sumul, lens yana gani, sai ka koma kan A, B, G, H, I da irin gwaji biyun nan da na faɗa. In na asalin ma yaƙi ko ya daɗe yana ƙoƙari yana ƙas-ƙas, ko dai lens ya gaji ko akwai gada a rukunin faifan da take hana karatu gaba ɗaya. Cire wayoyi biyar ɗin daga fanel ka sake gwadawa, nan zaka san wanne ne.

Tambayar da ya kamata in maka tun farko ma, ka gwada ta da faifai kafin ka buɗe ta? Dan na'urar da aka yi wajen 2006 ce, lens ɗinta ya sha aiki. Lens mai rauni yana iya karanta na asali ya kasa karanta kofi, saboda faifan da aka ƙona baya maido haske kamar wanda kamfani ya buga. Kaga anan sai a ɗora wa cip laifin da ba nasa ba. Gwada kofin a wata PS2 mai cip da ka san tana aiki. In kai kake ƙonawa, DVD-R mai kyau, a gudu kaɗan kamar 4x. Goge idon lens da auduga da ɗan sifirit. 'Yan sukurorin saitin ƙarfi da ke jikin lens kuma ka bar su, masu murɗa su da ka suna samun sati biyu ne na jin daɗi sannan lens ya tafi gaba ɗaya.

Abu biyu kuma da suke ruɗa mai gwaji a buɗe. Silim tana da 'yan maɓallai biyu da suke gane an rufe murfi, ɗaya a gaba wajen maɓallin kunnawa ɗaya a can baya, in ba'a danne su duka ba faifai bazai juya ba. Sai fileks, wato faffaɗan wayoyin nan masu kama da leda, na lens da na motocin cikinta, ka tabbata sun shiga har ƙarshe kuma a miƙe. Wanda ya shiga a karkace yana bada alama iri ɗaya da mataccen lens.

In kuma gem ya tashi amma ba kala ko hoto yana birgima, wannan ba waya bace. Gem ɗin Amurka ko Japan ne wato NTSC a kan TV ɗin da bata gane shi, a menu ɗin cip ake gyarawa.

Ayan da wutarmu

Ayan ɗin nan mai wat 60 da ake jonawa kai tsaye ba na wannan aikin bane. In wuta ta cika yayi zafin da zai ɗaga foyin daga fanel, in tayi ƙasa ko ana kan ƙaramin janareto yayi sanyi dalma taƙi narkewa sosai, kai kuma ka daɗe kana dannawa, ƙarshenta duk ɗaya. Mai saitin zafi ake so da siririn baki, wajen 320 zuwa 350 a ma'aunin Salsiyos, da dalmar nan mai lamba 63/37 da take narkewa a 183. Taɓawa ɗaya ta daƙiƙa ɗaya zuwa biyu ta isa. In bata kama ba ɗaga, ƙara fulaks, bari ya huce ka sake. In kayi gada kar ka yi ta sharar ta da busasshen ayan, fulaks zaka zuba ka goge bakin ayan tas ka ja dalmar waje, ko ka sa igiyar shan dalma.

Fulaks ɗin ma a kula. Fes ɗin gwangwani na masu aikin famfo da radiyeto yana da asid, yana cin layuka a hankali kuma ragowarsa tana iya ɗan wuce da wuta tsakanin ƙafafu, sai na'ura tayi aiki yau bayan wata guda ta fara hauka. Na lantarki zaka nema, in ka gama ka wanke wurin da sifirit da tsohon buroshin haƙori ka bari ya bushe. Gam ɗin kyandir kuma in zaka sa, ka ɗiga a kan jikin waya nesa da foyin, kuma sai bayan komai ya yi aiki. Wanda ya malala shi a kan ƙafafun IC, ranar gyara tare da foyin zai ɓanɓaro shi. Lokacin hunturu da iska ta bushe, irin lokacin da kake taɓa ƙofar mota ta ja ka, ka riƙa taɓa ƙarfe kafin ka ɗauki cip ko fanel.

Ga mai 50000 ko 70000 da zai karanta wannan, naku akwai ƙarin abu: waɗannan an san su da ƙona lens in sashen faifai ya maƙale a kan faifai mara kyau, shi yasa ake ƙara musu kariya lokacin sa cip. Taka 77000 bata cikin waɗanda aka fi kuka dasu.

Gaskiyar magana kuma, in don shago ne ni ba zan fara da cip ba a yau. Akwai Free McBoot, manhaja ce, a memori kad yake zama, ba ayan ba buɗe na'ura, yana aiki a 77004, ka haɗa da OPL, manhajar da take tayar da gem ba faifai, ka ɗora gem a filash ko hard disk lens ya huta. Na'urorin da yake ƙi su ne 90000 na baya-bayan nan masu BIOS 2.30, su kuma akwai Fortuna da OpenTuna masu irin aikinsa. Aibinsa USB ɗin PS2 1.1 ne, a hankali yake, bidiyon cikin wasu gem yana sarƙewa, amma ƙwallo da yara suka fi bugawa tana tafiya. Ko cip ɗin ya gagara, in ka cire shi ka goge fanel ta dawo daidai, baka yi asarar na'ura ba.

Daga nan inda nake bazan iya ce maka waya kaza ce ba tunda ban ga fanel ɗin ba, amma in zan yi hasashe da abin da ka faɗa, zan fara da inda faranti yake danne cip, sai wayar GND, sannan A, B, G, H, I. In kana cikin dubawa ka ga foyin ya ɗago ko layi ya yanke, tsaya nan kar ka ƙara zafi. Ana gyara shi, ana bin layin a samo inda ya ɓulla a ɗora jamfa, amma aikin madubin maikuroskof ne, ka kai wa mai gyaran waya da yake aikin IC ka tafi masa da zanen. In kuma ka bi duk wannan bata warware ba, turo min lambar GH, da abin da mita ta nuna a kowane layi, da hoton fanel ɗin mai haske ta sama da ta gefe, sai mu duba tare.